Ba Ki da Hurumi

"Ba ki da hurumi," in ji alƙali, ya buga guduma.

Tsohuwa mai wanki ta miƙe. Lauyanta ya riƙo gefen mayafinta.

"Inna, zauna. Nufinsa rafin ba naki ba ne. A doka, hukuma ce kaɗai za ta iya kai kamfanin rini ƙara. Amma ana ta muhawara a majalisa, wataƙila a gyara dokar."

"A gyara wa wa?"

Ta fizge mayafinta. Wai ba nata ba ne! Rafin da ta tsufa tana wanki a bakinsa, har ya koma shuɗi, ya koma baƙi, ya cinye mata fatar hannu. Rafin da jikarta ta sha, ta yi ta amai har rai ya yi halinsa. Ita kuwa hukumar, ko ƙafa ba ta taɓa jiƙawa a ciki ba.

Ɗan sanda ya nufo ta, ko kallo bai ishe ta ba. Ta fuskanci alƙali.

"Ranka ya daɗe, a wajenmu hurumi shi ne inda ake binne mutane. Je ka bayan kamfanin, za ka ga ɗan ƙaramin kabarin jikata, ƙasarsa ko bushewa ba ta yi ba. Ni na yi mata wanka, da ruwan wata unguwa, don na rafin ko ga gawa bai halatta ba. Ka je ka gani, sannan ka dawo ka maimaita mini."