Ƙarshen Littafin Yaya Hajo

Shekarar samun 'yancin kai, Yaya Hajo ta dawo Bagudo hutu da wani littafin Turanci, labarin wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya. Tana karantawa tana fassara mana, har muka kai inda ɗayarsu ta kwanta ciwo. Ran nan da la'asar muka tarar Kawu ya yage ƙarshen littafin, yana ƙunshe wa fataken Dahome garin taba.

Yaya ta fashe da kuka. "Kawu, labarinmu ne fa!"

"Ke ɗiyag ga, na duba. Babu sunan Allah ciki."

Kawu ya daɗe da rasuwa. Allah Ya yafe mini, har yau ina jin haushinsa, don ban san ko yarinyar ta warke ba.