Wa Ya Gajiyar da Murja?

Murja na tsaka da bayanin bincikenta a gaban aji ta yanke jiki ta faɗi. Dakta Ɗanladi, malamin da ke duba digirinta na biyu, shi ya kai ta asibiti a motarsa.

Likita ya ce, "Gajiya ce da rashin barci. Jininta ya hau sosai. Duk wanda take wa aiki ya kusa kashe ta."

Ran Dakta ya ɓaci. Ya daɗe yana koyar da yadda matsin aiki ke cinye lafiyar ma'aikaci. Ya kuma san Murja nas ce a wani asibitin kuɗi. Yarinya mai himma! Kowane lokaci ya kira ta sai ta ɗauka. Ita ke tattaro masa bayanai, ta yi masa makin jarrabawa, har Asabar da Lahadi.

Mahaifiyarta ta iso daga Ƙofar Sauri, mayafi a karkace. Bayan sun gaisa Dakta ya ce, "Hajiya, faɗa mani sunan shugabanta a asibitin da take aiki. Yau sai ya ji daga bakina."

"Wane asibiti kuma, Malam? Ai ta aje wannan aikin tun bara."

"To wa take wa aiki?"

Hajiya ta share hawaye. "Malaminta na jami'a, wai shi Dakta Ɗanladi. Ba ya barin ɗiyata ta runtsa. Kai da ka taimake ta, don Allah ka yi mashi magana."