Shanyar Iya Tasalla

Tun da manyan ƙasashe biyu suka shimfiɗa farantansu a sama suna zuƙe hasken rana, shanya ta daina bushewa a garin. Iya Tasalla ta dire kwandon yankakken tumatirinta a ofishin koke.

"Da hantsi ya fara ruɓewa ko da la'asar, Iya?" in ji ma'aikacin. "Hantsi na ƙasa ɗaya ne, la'asar ta ɗayar. Kowacce da takardarta."

"Ni kuma nawa lokacin fa, ɗan nan?"

"Ba a rubuta ba."

Ta dubi ƙatuwar fitilar da ke kansa. "Wannan wutar daga ina?"

"Daga farantan."

Ta ture takardunsa, ta baza tumatirin a teburin.

"To, ranata ce. Matsa, kana yi mini inuwa."