Allon da Ke Riga Ƙwallo

Tun da aka kafa allo marar waya a filin unguwa, shi ke rubuta ci kafin ƙwallo ta shiga raga, kuma bai taɓa kuskure ba. Jama'a sun saba, tun ba a buga ba suke murna.

Ranar Asabar allon ya nuna an ci Cindo, mai tsaron gida. Duk da haka, da aka buga ƙwallon, ya daka tsalle iya ƙarfinsa, ƙwallo ta gogi yatsunsa ta wuce. Kakarsa Tabawa ta rangaɗa guɗa.

"Iya, jikanki aka ci fa," in ji maƙwabciyarta.

Tabawa ta yi dariya. "Na gani, 'yar nan. Shi ma ai ya ga allon, amma bai hana shi tashi ba."