Kafin a Sauko daga Juma'a

Ana watsewa zuwa masallaci, Shifa'u ta ɗauki kwamfutarta ta bar ofis. Zafi ya kore ta, sai ta samu inuwa a gindin katangar da ta raba kamfanin robobi na Alhaji Labaran da na ƙanensa Isyaku. Kamfani ɗaya ne a zamanin mahaifinsu, rabon gado ya tsaga shi biyu, har yau ko gaisawa ba sa yi. Ta ji daɗin wurin, don sabis ma ya fi ƙarfi a nan.

Ba ta daɗe da samun aikin kula da kwamfutoci a kamfanin Alhaji Labaran da ke Sharaɗa ba, bayan ta sha zaman gida. Na'urorin intanet da ke manne a rufin sito kuwa tun marigayi yana raye aka saka su. Ba wanda ya taɓa sabunta manhajar cikinsu, ko lambar sirri ba a canza ba. Da su ake duba lambar kowane kwali kafin a loda shi, ga tireloli a jere suna jiran a sauko.

"Yi abin da kika ga dama," in ji Alhaji Labaran da safe, da ta nemi izinin sabunta na'urorin. "Amma in na dawo na tarar lodi ya tsaya, ki kama hanyar gidanku."

Abu ɗaya take tsoro. Tsohuwar na'ura in wuta ta ɗauke ana tsaka da sabunta ta, ta mutu ke nan. Shi ya sa ta yi ta roƙon Habibu mai janareta ya bar shi a kunne, don a unguwar nan kowa kashe nasa yake yi lokacin salla, dizal ba ruwan rijiya ba ne.

Na'urorin suka bayyana a kwamfuta, har sun ɗan fi yawan da ta zata. Lokaci ya ƙure, sai ta yi bisimilla ta danna su gaba ɗaya. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya fara jan ciki kamar katantanwa. Ya kai rabi ke nan, wani janareta a kusa ya yi tari ya yi shiru.

Layin ya tsaya cak, komai ya ɓace.

Ta miƙe zumbur. Ta rufe kwamfuta ta ruga bayan sito, ta tarar janaretansu yana ta ruri abinsa. To me ya kashe na'urorin? Tsufa ne kawai, in ji ta a ranta, ta zauna a nan tana share hawaye har aka sauko.

Ta iske Alhaji a bakin sito, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ku yi haƙuri. Na kashe su duka."

Ya dube ta, ya ɗaga kai ya dubi rufi. Koriyar fitila na nan tana haske, leburori suna ta lodi.

"Su wa kika kashe?"

Kafin ta buɗe baki, janaretan bayan katanga ya tashi, sai kuma hayaniya, muryar Alhaji Isyaku ta danne ta kowa, yana rantsuwa sai ya kai wanda ya yi masa wannan aiki kotu.

Sai a lokacin ta gane. Na'urorin gida biyun suna ɗaya gare su da lambar sirri ɗaya, kuma a gindin katanga sabis ɗin kamfanin Alhaji Isyaku kwamfutarta ta kama, nasa ta kashe.