Firintar da Ke Zaɓen Mai Gyara

"Ga mai cinye mana lokaci!" in ji Injiniya, ya danna maɓalli yana hura hanci.

Manaja ce ta sa shi ya gano na'urar da ta fi wahalar da ofis. Da SQL, yaren tambayar rumbun bayanan kwamfuta, ya haɗa jadawalin ƙorafi da na masu gyara, duk inda na'ura ta yi ta haɗuwa da mutum ɗaya, layin ya yi ja.

Layi guda ne ya yi ja: firintar Sakatariya, sau goma sha tara, kuma duk shi ya je.

"Ranki ya daɗe, a jefar da ita. Kullum na je, sai in tarar ta fita daga soket."

Sakatariya ta sunkuyar da kai tana murza biro.

Manaja ta gyara tabarau. "Ku uku ne masu gyara. Me ya sa ba ta lalacewa sai ranar aikinka?"

Injiniya ya juya ya dubi Sakatariya, Manaja ta yi murmushi.

"Ɗana, firinta lafiyarta ƙalau. Sau goma sha tara ana aiko maka da saƙo, sai da kwamfuta ta karanta maka."