Sirdin Da Aka Ɗaga

Duk tsohon babur ɗin da Dogo ya gwada a shagon, sai gwiwoyinsa su tokare hannun tuƙi. Dillali ya share gumi, ya turo wani daga ciki.

"Gwada wannan, maigida. Ni nake hawansa, amma zan yi maka araha."

Dogo ya zauna, ƙafafunsa suka miƙe kamar don shi aka ƙera. Ya shafa sirdin.

"Kai kake hawa? Hau in gani."

Dillali ya hau, ƙafarsa ko ƙasa ba ta taɓa ba.

Dogo ya ja ƙofar shagon ya rufe.

"Ni na ɗaga wa ƙanena sirdin nan. Tun da ya fita da shi bai dawo gida ba. Yana ina?"